Layin da Oga Ya Ce In Ja

Litinin, 3 ga Maris
Wata bakwai ke nan da sojojin maƙwabta suka mamaye duk ƙasarmu da ke hayin kogi, har da garinmu, Inna tana ciki. Ni kuwa ina nan ofishin taswira ina ɗumama kujera. Yau rediyo ya ce ƙungiyar ƙawancen tsaro za ta duba takardarmu ta neman shiga. In suka karɓe mu, wai wanda ya taɓa mu ya taɓa su. Har abincin rana na kasa ci don murna.

Alhamis, 6 ga Maris
Wayar Inna ta shiga, minti biyu. "Kana dai cin abinci ko?" Ita da maganin hawan jininta ya ƙare! Na ce ta ƙara haƙuri, taimako na tafe.

Talata, 11 ga Maris
Ashe suna da doka: ba sa karɓar ƙasar da ke rikicin iyaka. Sarkin Zance, maƙwabcin teburina, ya rantse za su sassauta mana, wai sun taɓa yi wa wasu. Na ce su wa? Ya ce bari ya tuno. Har aka tashi aiki yana tunowa.

Laraba, 19 ga Maris
Ba su sassauta ba. Mu ne za mu sassauta.

Oga ya kira ni, ya tura ƙofa. A aikinmu, iyakar da ake jayayya a kanta da ɗigo-ɗigo ake zana ta, wadda aka daddale kuwa layi ne sambal, ba yankewa. Ya ce daga sama ana son sabuwar taswira da za a haɗa da takardar: layi sambal, ya bi kogi. Babu hayi, babu rikici, sai a karɓe mu.

Na ce, "Ranka ya daɗe, mahaifiyata fa tana can."

Bai ɗago kai ba. Wai na ɗan lokaci ne. Wai ni na fi kowa sanin kwanar kogin nan. To ba dole ba, a cikinsa na koyi iyo.

Alhamis, 20 ga Maris
Ba zan yi ba. Su kore ni.

Litinin, 24 ga Maris
Na yi. Minti huɗu a kwamfuta. In ban ja ba wani zai ja, haka nake ta gaya wa kaina. Wallahi na tsani hannuna.

Juma'a, 28 ga Maris
Inna ta kira, ta ce yaushe masu taimakon za su iso. Na yi ta cewa ba na jin ki, ba na jin ki. Sarai nake jin ta.

Talata, 1 ga Afrilu
An ce taswirar ta yi kyau, Oga har da dafa mini kafaɗa. Da na tashi na biya ofishin fasfo, na tambayi takardun da mutum ke buƙata in zai kai wa mahaifiyarsa magani a ƙasar waje. Tambaya ce kawai na yi. Fom ɗin yana aljihuna.