Fatalwa, Zobe da Gawa: A Bar Ni In Karanta Shafi na Talatin da Ɗaya

Zuwa ga Mai Girma Shugaban buron da ke riƙe da ƙunshin takarduna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, da iyali, da ma'aikatanka. Ni malamin lissafi ne a Illela. Sau huɗu na zo buronka, wato ofishinka, ban same ka ba, shi ya sa na rubuto a fili, ko wani zai kai maka labari.

Na ɗaya. Shekara huɗu na yi ina wani bincike na lissafi, kullum bayan an tashi lakwal, wato makaranta. Na buga shi a keken rubutu da yatsu biyu, na ajiye kwafi, na aika wa tsohon malamina a Faransa. Ya yi gyara da jan biro a gefen shafuka, ya maido. Ƙunshin ya iso hannunku kafin shuka. Yanzu gero yana rumbu.

Na biyu. Ma'aikacin da ya buɗe shi ya ga kalmomin Faransanci uku: spectre, anneau, corps. Ya yi lakwal, ban raina karatunsa ba. Ya fassara su yadda aka koya masa: fatalwa, zobe, gawa. Da ya ga spectre réel, sai ya ce fatalwa ce ta gaske. Ya rufe, ya wanke hannu, ya rubuta cewa littafin tsafi ne.

Na uku. Ranka ya daɗe, zoben nan ba ya shiga yatsa. Tarin abubuwa ne da ake iya tarawa, a ɗebe, a ninka. In har ana iya rabawa kuma, shi ne masana lissafi suke kira gawa. Ba ni na raɗa sunan ba. Abubuwan da ke cikin nawa zoben layuka ne da ake ja ba a ɗaga alli ba, waɗanda ake bayyanawa da “daidai da” da “ya fi” da “bai kai ba”. Fatalwar kuwa ita ce duk hanyoyin da za a bi a yanke wanne ke sama da sifiri, wanne ke ƙasa. Iyakar tsafin ke nan. Na yi wa ma'aikacinka wannan bayani tsaye, rabin awa. Ya saurara da ladabi, sannan ya ce: “To, Malam, ai kai da bakinka kac ce akwai gawa ciki.”

Na huɗu. An kulle ƙunshin a akwatin ƙarfe, wani ya ɗora laya a kai. An ce tun zuwansa fankar buron ta tsaya. Fankar nan tun ina ɗalibi take tsaye. Labari ya riga ni komawa Illela: ranar kasuwa mai nama ya miƙo mini tsoka da hannun hagu, yana karanta addu'a. Wannan bai dame ni ba.

Na biyar, shi ne ya hana ni sukuni. Ranar da na fara zuwa, kafin a fizge takardun, idona ya faɗa kan shafi na talatin da ɗaya. Malamina ya rubuta: “A nan akwai kuskure, amma ga yadda…” Iyakar abin da na gani ke nan. Na rubuta masa in tambaya. Matarsa ce ta ba ni amsa, ta ce ya rasu. Tun ranar nake bin kwafina layi-layi, ban ga kuskuren ba. Mutum ɗaya ne a duniya ya karanta aikina har ƙarshe, kuma maganarsa ta ƙarshe gare ni tana ƙarƙashin layarku. Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba.

Roƙona: a ba ni takarduna. In ana tsoron taɓawa, zan ɗauka da hannuna, in kuma yi alkawarin ba zan bi ta gaban gidan kowa ba. In kuwa an riga an yanke shawarar ƙonawa, kamar yadda na ji, to a kira ni kafin a ƙyasta ashana. Minti biyu sun ishe ni in ƙarasa jimlar.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare ka da fatalwa ta gaske da ta lissafi, ya sa kada a taɓa katse maka maganar wanda ba zai sake magana ba.

Wassalam, daga mai jiran amsarka,
Malamin lissafi, Illela.