Buhun Yaya

Birnin Gwari,
ranar Lahadi.

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya. Yaya ƙafar, kumburin ya saɓe? Yaya Ma'u da maigidanta da yara? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Jikarki Laraba ta wajen Yaya ta iya faɗin sunanki yanzu, Innar Zaliya take cewa, wai Zariya.

Ma'u, na san ke za ki karanta mata. Don Allah ki bi a hankali, kada ki tsallake komai. Na ƙi faɗa a waya ne saboda sabis ɗinmu yana yanke magana a tsakiya, wannan kuwa ba maganar da za a ji rabinta ba ce.

Inna, Juwairiyya ta kai maganar aurenta da Yaya Nababa gaban alƙali. Mahaifinta Malam Jaji ne ya raka ta, amma sai da ya zo ya zauna da ni tukuna, ya ce ba rigima suke nema ba. Ya ce damina uku ke nan tun da Yaya ya hau babur ya tafi duba gonarsa ta Gayam bai dawo ba. Ba gawa, ba babur, ba wanda ya kira waya ya nemi wani abu. Ya ce 'yarsa ita ba matar aure ba, ba bazawara ba, ba mai takaba ba. Sai ruwa na miƙa masa.

Na bi su kotu na zauna a bencin baya. Dukanmu mun ɗauka za a lissafa mata shekarun da ta yi tana jira. Ashe ba haka ba ne. Yadda na fahimci alƙali, hanya biyu ce. In mijin da ya ɓace ya bar dukiyar da ake ciyar da matar daga ciki, sai ta jira shekara huɗu, kuma daga ranar da ta kawo ƙara ake fara ƙirga. In kuwa bai bar abin ciyar da ita ba, za a yi cigiyarsa na ɗan lokaci, sannan a raba auren. Sai ya tambaye ta me take ci tun tafiyarsa. Ita kuwa baiwar Allah ta buɗe baki ta ce buhun Yaya.

Kin san ke kika raɗa wa buhun nan suna. Shekarar da muka baro ƙauye na fara noma gonar aro ta bayan gari, kika ce in ware wa ɗakin Yaya masara, kuma kada a kira ta taimako, a ce buhun Yaya, don kada yarinyar ta ji kunyar ɗiba. Muka yi ta faɗa har bakinmu ya saba. To alƙali ya ji sunan, ya ce ashe akwai gona, kuma tana ba da amfani. Malam Jaji ya miƙe zai yi bayani aka ce ya zauna. Alƙali ya ce wanda ya noma hatsin shi zai zo ya rantse ya faɗi mai shi. Ni ke nan, Inna.

Tun ranar tuwo ba ya wuce mini. In na ce na Yaya ne, na ɗaure ta shekara huɗu a kan abin da ba haka yake ba. In na ce nawa ne, da bakina aka kwance auren wana. Ki gaya mini yadda kika gani.

Ki gaishe da kowa da kowa. Allah ya ƙara miki lafiya.

Ɗanki,
Tasi'u.


Birnin Gwari,
ranar Alhamis.

Inna,

Sallama da gaisuwa irin ta ɗa da mahaifi. Yaya jiki, yaya mutanen gida? An yi mana ruwan shuka, ƙasa ta jiƙu sosai. Daddawar da kika aiko ta iso, Allah ya saka.

Japheth direba ya kawo mini saƙonki, bai rage komai ba, har yadda kika juya masa baya kina faɗa. Kin ce in faɗi abin da muka saba faɗa. Kin ce in rantsuwar nake tsoro, to in je in noma gonar Yaya bana, maganar ta zama gaskiya. Kin ce duk wanda ya kwance auren nan ya binne miki ɗa da ransa. Na ji, kuma ban ƙi ba. Na je.

Baba Enoch, wanda gonarsa take iyaka da ta Yaya, shi ya ce ba zai bar ni in tafi ni kaɗai ba. Inna, ba don ɗorawar nan ta tsakiya ba da ban gane wurin ba. Sabara da kalgo sun kai mini ƙirji. Kunyoyin sun baje, bukkar ta zube. Ɗorawa ta yi 'ya'ya ta zubar, ta sake yi ta sake zubarwa, ba wanda ya tsinta. A tsakanin rassanta na ga fartanyar Yaya inda yake saƙale ta in zai huta. Gara ta cinye ƙotar, ƙarfen kawai na ɗauko.

Ina cikin duba inda zan fara sassabe sai na ga sawun babura a hanyar da ta shiga daji. Sababbi ne, bayan ruwan nan aka yi su, kuma tayoyin sun nutse sosai, irin na babur mai ɗauke da mutum uku. Ba na ɗaya ba ne, ba na biyu ba. Na nuna wa Baba Enoch. Ya dafa kafaɗata. Muka turo babur ɗinmu da hannu ba mu tayar ba sai da muka yi nisa. A hanya ya ce in gaishe ki, in kuma gaya miki ɗa ɗaya ya ishi dajin nan.

A gida ma akwai abin da nake so ki sani. Tun ranar kotu Juwairiyya ba ta ƙara taɓa buhun ba. Na gane ne daga ɗaurin bakinsa, nawa ne, ita ba haka take ɗauri ba. Awara take soyawa a ƙofar gida, da ita suke ci. Ba ta roƙe ni in faɗi komai ba, gaisuwa kawai, idonta a ƙasa. Da can in babur ya tsaya a waje sai ta saki abin da ke hannunta ta ɗaga kai, kin sha gani. Yanzu ba ta ɗagawa. Ban san ranar da ta daina ba. Ni har gobe ina ɗagawa.

A teburin mai shayi kuma an raba ni biyu. Wasu sun ce ina ciyar da ita ne don in tsare wa wana mata. Wasu sun ce so nake a sake ta in shige, har da mai kirana ango. Na sha shayina na tashi. Allah ya sani, ni dai tsoron ranar rantsuwar nake ji, da tsoron ɓacin ranki.

Ki sa ni a addu'a. Ina gaida Ma'u.

Naki,
Tasi'u.


Birnin Gwari,
ranar Asabar.

Innata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina sake gaishe ki. Yaya ƙafar da wannan sanyin damina? Masara ta fara bunni, in Allah ya tsare za a samu. Japheth ya je Zariya ya dawo ya sake komawa, kullum in na tare shi a tasha sai ya buɗe mini tafin hannu, ba saƙo. Na tambayi Ma'u a waya, ta ce lafiyarki ƙalau, magana ce ba ki yi.

An yi zaman. Na yi alwala, aka miƙo mini Alƙur'ani. Alƙali ya ce hatsin nan na wa ne. Inna, kin ji yadda tambayar take, kamar ta riga ta ba da amsar da kike so. Tsakanin na wana ne da nawa ne ɗan abu kaɗan ne, harshena ya tsaya a wurin har aka sake tambaya. Na tuna ɗorawar da sawun nan. Na ce nawa ne, ni na noma, a gonar aro, gonar Yaya kuwa rabonta da garma tun tafiyarsa. Mutanen Gayam biyu suka shaida haka.

Da aka ce in koma in zauna sai na kasa. Na ɗaga hannu kamar ɗan makaranta, har aka yi mini dariya. Na ce a gafarce ni, ina da tsohuwa a Zariya, ina so in san ko abin da na faɗa yana nufin wana ya mutu. Alƙali ya cire tabarau ya ce a'a. Ya ce in gaya miki ba wanda ya ce Nababa ya rasu. Ba za a raba gadonsa ba, ba za a yi masa takaba ba. Gonar tana nan da sunansa, amana ce a hannuna, ba sayarwa ba jingina. Laraba 'yarsa ce. Auren kaɗai ake magana.

Aka sa cigiya a rediyo. Na ji sunansa da na Baba da na ƙauyenmu a bakin mutumin da bai taɓa ganinsa ba. Duk lokacin da aka ɗiba na jira na yi shi ne a ƙofar gida, kunnena a kan hanya. Bai zo ba. Shekaranjiya aka raba auren. Alƙali ya ce in ya dawo kafin iddarta ta cika, da abin riƙe ta, matarsa ce. Don haka har yanzu ban daina sauraron babur ba.

Juwairiyya ba ta yi murna ba. Da muka fito ta tsuguna a gindin darbejiya ta yi kuka irin wanda ban ga ta yi ba tun shekarar farko. Ta ce in roƙa mata gafararki, kuma duk ranar da kike son Laraba za a kawo miki ita.

Da kaka zan ware buhu kamar kullum. Buhun Laraba za a riƙa ce masa, wannan sunan ko gaban wa zan iya rantsuwa a kansa. Fartanyar Yaya kuma na kai an sa mata sabuwar ƙota, tana bayan ƙofa, ba mai taɓawa.

Inna, ban bi maganarki ba, na sani. Ki aiko mini da saƙo ko da faɗa ne, ko da zagi ne, Japheth ba zai rage ba. Shirun mutum ɗaya nake iya ɗauka, ba zan iya na biyu ba.

Ina gaida Ma'u da yara. Allah ya bar mana ke.

Ɗanki mai neman gafara,
Tasi'u.