Mama Ta Shiga Lissafin Madatsar Ruwa

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara. Allah ya ƙara miki ƙarfin jiki, ya sauke ki lafiya. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Baba ta yi sauƙi har ya koma yi wa kowa faɗa, autarmu kuwa sai ƙiba take yi.

Yaya, saura ƙiris ƙanwarki ta rasa aiki. Kin san ɗaukar gwaji aka yi min a ofishin madatsar ruwa, in tsara wa kwamfuta lissafin da zai riƙa hasashen ruwan da za a saki kowace rana. Na zuba mata komai: ruwan sama, zafin rana, buƙatar manoma da ta masu wutar lantarki. Sai ta yi daidai yau, ta yi daidai gobe, jibi ta watsa min ƙasa a ido. Ta ce yau za a buɗe ƙofar madatsar, ba za a buɗe ba sai washegari. Shugabanmu ya ce in ban gano matsalar kafin ƙarshen wata ba, in tattara ya-nawa-ya-nawa. Wallahi har ramewa na yi.

Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa! Ran nan na leƙa gida, na tarar Mama tana waya, wai gobe za ta tsallaka rafi zuwa lambunta, kada a kuskura a sako mata ruwa. Wa take ba umarni? Mijin Auta, mai kula da ƙofofin madatsar! Doka ta ba shi damar jinkirta saki na kwana guda in ruwa bai cika ba, shi kuwa kin san shi, ko ido ba ya iya haɗawa da surukarsa. Na yi dariya har da hawaye. Na shigar da ranakun lambun Mama cikin lissafi, komai ya zauna daram. Shugaba ya ji gaskiyar magana, ya riƙe baki, sannan ya tabbatar min da aiki.

To ga roƙona. Na ji Mama za ta zo ta zauna miki in kin haihu. Don girman Allah ki sanar da ni ranar tasowarta da ta dawowarta tun da wuri, in ba haka ba lissafina ya sake rushewa, kwamfuta tana ta jiran Mama a bakin rafi.

Ki gaida maigida da yaranki, Babba da 'yar lelena. Baba da Auta suna gaisuwa. Mijin Auta ma yana gaida ki, ya ce don Allah ki riƙe Mama ta daɗe.

Taki har kullum,
Ƙanwarki Injiniya