Ba a Auna Jinin Mace a Damtsen Mijinta

Zuwa ga mai girma, mai kula da ɗakunan shan magani na En'e.

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Sunana Audu, manomin auduga ne ni a wani ƙauye kan hanyar Ƙarfi. A ajin yaƙi da jahilci na koyi rubutu, sai ka yi haƙuri da hannuna. Maganar kuwa ba zan tausasa ta ba, don raina a ɓace yake.

Na ɗaya. Bara waccan matata Ladi ta yi cikin fari. Ka san mai cikin fari, kunya ba ta barin ta ta ce uffan. Ni na lura ƙafafunta sun kumbura har takalmi ya daina shiga, fuska ta yi suntum, kullum tana dafe da kai, idonta na gani dishi-dishi. Tsofaffin gidanmu suka hau murna wai tagwaye ne, suka dinga dama mata kunun kanwa. Ban ga laifinsu ba, abin da suka tarar ke nan.

Na biyu. Hankalina bai kwanta ba, na hau keke na tafi ɗakin shan magani. Ni na je a madadinta, kamar yadda kowane magidanci yake yi a nan: miji ya faɗi ciwon, a ba shi magani ya kai gida. Malamin da kuka ajiye mana ya san wannan al'ada sarai, kuma ta yi masa daɗi, tana rage masa layi. Na kwashe komai na gaya masa. Bai ce in kawo ta ba. Ya ce kowace mai ciki tana kumbura, ya ɗura mini a kwalba ruwan nan mai ɗaci da yake ba mai zazzaɓi da mai gudawa. Da na nace, sai ya jawo abin awon jini, ya ɗaura a damtsena, ya matsa robar, ya yi dariya ya ce gidana lafiya lau. Ranka ya daɗe, ni ke da cikin?

Na uku. Ranar kasuwar auduga da hantsi, Ladi ta yanke jiki ta faɗi tana jijjiga, ta taune harshe. Wasu suka ce iska ce. Maƙwabcinmu Bamaguje ya kawo turare, liman ya yi tofi. Allah ya saka musu, su dai sun zo. A bayan lori, kan buhunan auduga, muka kai ta Funtua. Ma'aikaciyar jinya ta ɗaura mata irin abin nan dai, ta dube ni kamar ta kwaɗa mini mari. Ta ce hawan jini ne, da an auna ta tun ƙafa ta fara kumbura, da an tare shi. Ladi ta tashi. Ɗan bai zo da rai ba. Namiji ne, guda ɗaya, kuma ni na sa shi a kabari.

Na san za a ce ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara, ni Musulmi ne. Amma abin awon yana nan a kan teburin malaminku, ya iya aiki da shi, wasa kawai ya ga dama ya yi. Ranar haraji ba a taɓa ɓatan hanyar gidana ba. Ya aka yi ungozomar asibiti ba ta san hanyar ba?

Ga roƙona. A turo mana ungozoma mace da abin awo, ta riƙa shiga gidaje. A hana malaman asibiti ba miji maganin mai ciki sai sun gan ta da ido. A sa masu unguwanni su yi shela cewa kumburin ƙafa ba albishir ba ne.

Ina gaggawa ne don Ladi ta sake samun ciki, kuma jiya na ga tana fama da awarwaronta ya ƙi fita daga hannu. Ranar Alhamis zan ɗora ta a keke in kawo ta da kaina, duk mai surutu a gari ya yi. Ka aika wa malaminka tun yanzu: damtsenta zai ɗaura wa, ba nawa ba.

Allah ya ja zamaninka, ya sauki matan gidanka lafiya, kada ya nuna maka abin da na gani a bayan lorin nan.

Wassalam.

Audu, mijin Ladi.