Sunan da Ka Rubuta Mini

Rawayau, Kurfi

Zuwa ga ɗana Abdullatif,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya sanyin Kanada? Mu nan lafiya lau, an fara yankan gero.

Takardar neman zaman dindindin da ka turo ta waya don in duba, an bugo mini ita a Dutsin-Ma. Turancin ya fi ƙarfina. Sunaye da shekaru nake bi da yatsa, yadda aka koya mana a ajin yaƙi da jahilci. Ka ce kuskure ɗaya na iya sa a ƙi ka, in bizarka ta ƙare ka dawo gida. Kada ka miƙa tukuna, ban gama ba.

Kwanan nan in na zauna ɓarar gyaɗa sai in gan ka ka sauko daga mashin bakin zaure, ka yi fari, kana tambayar ko akwai fura. Har in yunƙura, ashe inuwar darbejiya ce.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka.

*

Ɗana,

Assalamu alaikum. Ina fatan murar ta sake ka. Ka riƙa shan citta.

Ka tambayi abin da ya tsayar da ni. Na gama tun ranar farko. Akwai kuskure, na gani, na yi shiru.

A wurin sunan uwa ka rubuta Rahamatu. Ba laifinka ba ne, da shi ka tashi ka ji ana kirana. Sunana na yanka Khadijatul Kubra. Da aka kawo ni gidan nan sai aka tarar sunanmu ɗaya da kakarka Dada, ba kuwa mai iya kiran sunan uwar mai gida a tsakar gidanta. Ita da kanta ta laƙaba mini Rahamatu. Amma a takardar haihuwarka, wadda ka ce za ka haɗa da wannan, sunan yankan na faɗa wa malamin asibiti.

Raina ya yi ta ce mini in bar shi haka. Hukumomin Kanada su ga suna biyu, su maido mini da kai. Har na zaɓa maka ɗaki, na ga 'ya'yanka suna bin awaki a garka, na raɗa musu suna ɗaya bayan ɗaya. Sai na tuna da fuskar da za ka shigo, ta wanda aka koro. Wannan fuskar na kasa saka ta cikin mafarkin.

Ka gyara, ka miƙa. Sauran duk daidai ne, na bi shi har yatsana ya san hanya.

In sun ba ka, kada ka kira ni kana ɓoye murna don tausayina. Ka yi dariyarka in ji.

Kowa yana gaishe ka. Allah ya ba da sa'a.

Ni ce mahaifiyarka,
Khadijatul Kubra Dalhatu.