Rabin Hoton Baba

Hindawiyya, Makka

Zuwa ga ƙanena Nasir,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya a tsibirin Komoro, Ya tsare ka daga abin da muke ji. Mu nan kalau. Inna ta samu sauƙin gwiwarta, har ta je Harami ranar Juma'a, ƙanwarmu Basma kuma ta haifi namiji.

Hotunan da ka aiko sun hana ni sukuni. Na ga toka a kan rufin gidaje, na ga mata sun rufe tulunan ruwa da zane, ga dutsen nan mai aman wuta yana hayaƙi a bayansu. Ka ce mutanen gari sun fara sauka bakin teku, kai kuwa sama za ka hau da kyamararka, don nemo inda gidan Baba yake a da, kafin narkakken dutse ya binne ƙauyen. Ka ce tsofaffi sun manta wurin, sai tsohon hoton nan da Baba ya tsaya a ƙofar gida, tsagaggen baƙin dutse a bayansa, shi zai nuna maka. Tun kana yaro kanka ke da tauri, amma wannan ya wuce wasa. Tsoro nake ji.

Na tambayi Inna hoton. Ta daɗe tana kame-kame, sannan ta buɗe jakar da take ajiye igamarta ta zaman ƙasa, ta fito da Baba shi kaɗai, ɗan ƙarami. Ta ce shekarar da ya rasu ta sa almakashi ta yanke shi don ya shiga jakar, sauran kuma ta zubar, wai me za ta yi da duwatsu. Babu ƙofa, babu tsagaggen dutse. Ko ka hau, ba abin da zai yi maka jagora.

Da ta gane dalilin tambayata, abinci ya gagare ta. Ta ce dutsen ya ci gidan mijinta, ba ta yarda ya haɗa da ɗanta ba. Rigakafi ya fi magani, Nasir. Ka bi mutane ka sauka, ka ɗauki hotonsu su da suke da rai.

Ka gaida matarka Shaima da Kawu Tsoho. Inna ta ce in faɗa maka, in Baba kake nema, yana cikin jakarta, ka zo ka gan shi.

Yayarka,
Asma