Sunayen da Swap Ya Cinye

Assalamu alaikum mutanen wannan zaure. Admin, a ɓoye sunana. Don Allah shawararku nake nema, ko ba ku san Linux ba ku karanta, don abin ya wuce na'ura.

Ni ke riƙe da kwamfutar kwamitin rabon hatsi a wani yanki na Gidan Sori. Kun san yadda damina ta yi mana bana, gero ya kai gwiwa ya bushe a tsaye. Da aka ce za a kawo taimako, gida-gida muka bi muka rubuta sunaye, ni na shigar da su. Kwamfutar tsohuwa ce, ƙwaƙwalwarta ƙarama, in ta cika sai ta sauke wasu kayan a wani fili cikin disk, shi ake kira swap. Injin buga takardarmu ya ƙi aiki da ita, sai na sauko da sabon kernel, wato zuciyar tsarin, wanda ko gama gwada shi ba a yi ba. Injin ya tashi, har ina jin kaina gwani.

Ashe kernel ɗin yana da ciwo. Maimakon ya sauke kaya a filin swap, sai ya zuba su kan duk abin da ya tarar. Wata rana kwamfutar ta tsaya cak, na kashe na kunna, ta gyara kanta, jerin sunayen ya buɗe. Ban ƙirga ba. Na buga, shugaban kwamiti ya sa hannu da hatimi.

Ranar rabo mutanen wata ruga suka zo da buhunansu, Fulani ne da suka zauna noma tun kakanninsu. Suka zauna gindin gawo har la'asar, ba a kira ko ɗayansu ba. Da mu ne da mun tada wurin. Su kuwa suka naɗe buhunansu, suka yi sallama suka tafi, don a wurinsu roƙon abinci abin kunya ne. Ba wanda ya lura, har ni.

Sai da kwamfutar ta sake tsayawa na zauna mata kwana huɗu. Na zargi zafi, na zargi batir, na gwada ƙwaƙwalwar lafiya lau. Da na kashe swap na koma tsohon kernel, ciwon ya tafi. Nan na ƙirga, na ga shafin rugar ne gaba ɗaya babu. Na nemi takardun hannu a ɗakin ajiyar buro, wato ofishinmu, awaki sun shiga sun cinye rabinsu, su ma yunwar ce.

Na faɗa wa shugaba. Ya yi faɗa sosai, ya ce in muka kai magana sama za a tsayar da rabo na biyu har a sake ƙidaya, ƙauyuka tara su jira saboda ni. In kuma na ƙara suna a jerin da ke da hatimi, da jandarma zan kwana. Wai tunda ba su yi ƙorafi ba, suna da abin ci. Na ce ba haka ba ne, ya ce in rufe bakina.

Jiya na hau moto, wato babur, na je rugar. Dattijonsu ya shimfiɗa mini tabarma, ya kawo ruwa, yana ba ni haƙuri babu nono. Bai tambaye ni komai ba. Da na tashi ya rako ni ya ce, "Ɗana, kar ka damu, waɗanda anka kira sun hi mu bukata." Na ce to, Baffa. Iyakar abin da na ce ke nan.

Ina cin abinci, ina salla, ina zuwa buro, amma ba na jin komai. Ko tsoron korar ma ba na ji.

In faɗi gaskiya kowa ya jira? In ƙara sunayen in ɗauki abin da ya biyo? Rabo na biyu ranar Alhamis ne, Baffa ya ce za su sake zuwa ko Allah zai sa. Ni ne kuma zan tsaya da takardar ina kiran sunaye. Don Allah, me zan yi?